Wuta Ɗaya, Ma'ana Huɗu: Bashin da Ɗaliban Lantarki na Zangon Kwatano Ke Bin Manazarta Hausa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan boko, har ta zama kamar gaskiyar da ba ta buƙatar hujja. Wai harshen Hausa na waƙa ne da tatsuniya da cinikin kasuwa, amma da zarar an zo kan kimiyyar lantarki, wajibi ne ya ja gefe ya ba Turanci da Faransanci wuri. Injiniyoyi suna faɗin ta cikin taƙama, iyaye suna maimaita ta cikin saduda, mu kuwa manazarta Hausa, malamai da ɗalibai, mun yi shirun da ya fi kama da amincewa. Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai tsada, domin ana biyan kuɗinta da yaran da ke ficewa daga karatu, da kayan aikin da ke ƙonewa, da rumfunan da ke tashi da gobara. Zan kafa hujjata a kan unguwar Zango ta birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin, saboda a can matsalar ta fi fitowa fili fiye da yadda take a Kano ko Maraɗi.

Me ya sa Zangon Kwatano?

Sunan unguwar ma kalmarmu ce. Zango shi ne masaukin ayari, kuma fataken goro da ke bin hanyar Kano zuwa Gwanja ta Nikki da Jugu sun bar zanguna a garuruwa da dama na ƙasar da ake kira Benin a yau. Na Kwatano yana tsakiyar birni, da babban masallacinsa, da Hausawa da Dendawa da Zabarmawa da Yarabawa a cakuɗe. Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausa a gida, yana tsintar harshen Fon a titi, yana haddace Larabci a makarantar allo, sannan ya shiga makarantar gwamnati inda ake koyarwa da Faransanci.

Idan Allah ya yi masa buɗi ya ci jarrabawar bakaloriya, hanyar karatun lantarki a buɗe take, kuma ba ta da nisa. Jami'ar Abomey-Calavi, wadda aka kafa a 1970 da sunan Jami'ar Dahomey, tana arewa da Kwatano, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. A cikinta akwai makarantar fasaha ta EPAC, wadda ta soma a 1977 da sunan CPU kafin ta sami sunanta na yanzu a 2002, kuma tana da sashen injiniyancin lantarki. Akwai sashen fiziks a tsangayar kimiyya da fasaha. A garin Dangbo, kusa da Porto-Novo, akwai cibiyar lissafi da fiziks ta IMSP da aka kafa a 1988, mai alaƙa da cibiyar da Abdus Salam ya assasa a Trieste ta ƙasar Italiya a 1964.

Aikin yi ma yana ƙofar gida. Hedikwatar ƙungiyar haɗa layukan lantarki ta Afirka ta Yamma, wato WAPP, a Kwatano take. Layin da ya taso daga Ikeja ta Legas zuwa Sakété yana ɗauke da bolt 330,000 tun 2007. An buɗe tashar Maria-Gléta mai megawat 127 a 2019, da tashar hasken rana ta Illoulofin mai megawat 25 a 2022. Duk waɗannan suna buƙatar mutanen da suka san abin da ke faruwa a cikin waya. Tambayar ita ce, ɗan Zango zai shiga cikinsu yana injiniya, ko kuwa zai tsaya a bakin ƙofa yana mai gadi?

Wane irin karatu muke magana a kai?

Fannin da ake kira fiziksin injiniyanci karatu ne da ke tsakanin kimiyya zalla da sana'ar injiniya. A Najeriya, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife tana ba da digiri da wannan suna. A Benin hanyar da ta fi kusa da shi ita ce ta injiniyancin lantarki ko ta sashen fiziks. Ɗalibin da ya karkata ga lantarki yana soma wa da lissafi mai zurfi, da ilimin motsi, da na zafi, da na lantarki da maganaɗisu. Daga nan ya shiga ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta da na sinadaran da ake ƙera taransisto da faifan sola da su, sannan ya koma kan injina da taransifoma da layukan dogon zango. Manufar ita ce a yaye mutumin da ya san dalili, wanda idan na'urar da bai taɓa gani ba ta tsaya masa, zai koma ga ƙa'idar asali ya gano inda cutar take.

Irin wannan karatu gini ne na bene. Dokar da Ohm ya wallafa a 1827 tana ƙasa, binciken Faraday na 1831 yana bisanta, lissafin Maxwell yana bisa wannan. Wanda tubalinsa na fari ya karkace, duk abin da ya ɗora a kai karkacewa zai yi. Tubalin fari kuwa shi ne bambance ma'anoni huɗu, kuma a nan ne harshe ya shigo.

Kalmar da muka ɗora wa kayan raƙumi

Ku saurari yadda muke magana. Muna cewa wuta ba ta da ƙarfi yau. Muna cewa wuta ta ja shi. Muna cewa dutsen guga yana shan wuta. Muna cewa wutar da na saya ta ƙare. Kalma ɗaya ce a jumloli huɗu, amma a wurin masanin fiziks abubuwa huɗu ne mabambanta, kowanne da ma'auninsa.

A jumla ta farko ana maganar matsin da ke tura lantarki cikin waya, wanda ake aunawa da bolt. A ta biyu ana maganar yawan abin da ke kwarara, wanda ake aunawa da amfiya, kuma shi ne ke ratsa jikin mutum ya yi kisa. A ta uku ana maganar saurin cin aiki, wanda ake aunawa da wat. A ta huɗu ana maganar jimillar makamashin da aka ci, wanda kamfanin SBEE ke sayarwa da ma'aunin kilowat a awa. Ban da waɗannan, wuta ita ce ta murhu, ita ce gobara, ita ce kuma ta ranar gobe. A Zango lamarin ya ƙara rikicewa, domin an aro kuran daga Faransanci, kuma ita ma an mayar da ita jakar magori. Kalmar da a aji take nufin kwarara kaɗai, a unguwa tana nufin lantarki gaba ɗaya. Ɗalibi yakan shiga aji yana zaton ya san kalmar, alhali ma'anar da ya zo da ita daban, wadda malami ke nufi daban.

Kada wani ya ɗauka wannan cacar baki ce ta masu nahawu. Ga lissafin. Wat shi ne bolt sau amfiya. Abin dafa ruwa mai wat 2,200 a kan layi mai bolt 220 yana jan amfiya 10. Zafin da waya ke haifarwa, kamar yadda Joule ya nuna, yana tafiya ne da amfiya sau kanta sau turjiyar wayar. Idan turjiyar wata doguwar siririyar waya rabin om ce, amfiya 10 za ta haifar da zafin wat 50 a jikinta. Idan mai rumfa ya ƙara jona wani abin dafa ruwan, amfiya ta zama 20, zafin ba zai tsaya a 100 ba, zai kai 200. An ninka kaya sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu. Mutumin da ke da kalma ɗaya tak ba shi da hanyar da zai bi ya riƙe wannan bambanci a zuciyarsa. A ganinsa an ƙara wuta kaɗan ne kawai.

Ga wani misalin da ya fi ban mamaki. Idan matsi ya ragu, wato abin da muke cewa wuta ba ta da ƙarfi, injin firiji yakan ja kwarara fiye da ƙa'ida don ya cika aikinsa, naɗinsa ya yi zafi har ya ƙone. A harshenmu na yau da kullum wannan zance ne marar kan gado: yaya za a ce wuta ta ragu, kuma ita ce ta yi yawa har ta ƙona inji? Da kalmomi biyu rikicin ya warware nan take: matsi ya ragu, kwarara ta ƙaru. Haka nan dalilin da ya sa layin Sakété ke ɗauke da bolt 330,000. Idan aka ninka matsi sau goma, kwararar da ake buƙata don isar da aiki iri ɗaya za ta ragu sau goma, asarar zafi a hanya kuwa ta ragu sau ɗari. Haka nan mai sayen batir ɗin sola da ke tambaya ko yana da wuta sosai. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 a awa yana riƙe da makamashin wat 1,200 a awa, wanda a lissafi zai juya fanka mai wat 60 har awa 20, amma idan na darma ne, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, sai a koma awa 10. Wanda bai da kalmomin yin wannan tambaya, abin da ɗan kasuwa ya ga dama shi zai sayar masa.

Amsa ga masu cewa kimiyya ba ta da yare

Rukuni na farko na abokan hamayyata injiniyoyi ne. Hujjarsu ita ce lissafi shi ne harshen kimiyya, alamomin kuwa iri ɗaya ne a Kwatano da Paris da Tokyo, don haka ɓata lokaci ne neman kalmomin Hausa. Rabin maganar gaskiya ce. Alamomin ɗaya ne. Amma ba a taɓa samun malamin da ya shiga aji ya rubuta alamomi a allo ya fita bai ce uffan ba. Tsakanin layin lissafi da mai bi masa akwai bayani, bayanin kuwa da harshe ake yin sa. Ɗalibin da bai fahimci bayanin ba haddace alamomin zai yi, ya ci jarrabawa ko ya faɗi, amma ko ya ci, tilawa ya yi.

Sannan ku dubi kalmomin da suke taƙama da su. Lantarki ta samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin wani busasshen ƙaron itace da idan an goga shi yake jan ciyayi, kuma William Gilbert ne ya shigar da ita cikin kimiyya a 1600. Kahraba ta Larabci daga Farisanci take, ita ma sunan wannan ƙaron ce. Kalmar Faransanci da muka aro muka ce kuran ma'anarta mai gudu, irin gudun ruwa. Bajamushe yana kiran kwarara da kalmar da yake kiran babban kogi. Duk kalmomin kasuwa da bakin rafi ne, masana suka ɗauko su, suka iyakance ma'anarsu, suka yi ta amfani da su har suka zauna. Babu harshen da ya faɗo daga sama da kalmomin fiziks a cikinsa.

Tarihi ma yana gefenmu. A Bagadaza ta ƙarni na 9, su Hunain ɗan Is'haƙ sun juya ilimin Girkawa zuwa Larabci, suna ƙirƙirar kalmomi inda babu. A 1913 an yi rikici a Haifa kan ko da Jamusanci ko da Ibrananci za a koyar a makarantar fasaha ta Technion, masu goyon bayan Jamusanci suna cewa Ibrananci harshen addu'a ne, ba shi da kalmomin injiniya. Ibrananci ya yi nasara, kuma da shi ake koyar da injiniyanci a wannan makaranta har yau. A 1954 Cheikh Anta Diop ya fassara taƙaitaccen bayanin nazariyyar Einstein zuwa harshen Wolof don ya rufe bakin masu irin wannan da'awa. A Ife, gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koya wa darussan firamare da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Wanda ya ce Hausa ba za ta iya ba, sai ya gaya mana abin da Wolof da Ibrananci suke da shi wanda ita ta rasa.

Amsa ga masu cewa a kai yaro sana'a kawai

Rukuni na biyu iyaye ne da 'yan kasuwa, kuma hujjarsu ta fi ta injiniyoyi nauyi, domin daga aljihu ta fito. Suna cewa shekara biyar ta karatun injiniya asara ce, ga ɗan wane da ya koyi naɗin fanka da gyaran gurup yana ciyar da gidansu tun yana ɗan shekara ashirin, ga kuma masu digiri suna haya da zemijan. Ba na raina mai gyara. Hannunsa ya san abin da littafi bai faɗa ba, kuma da shi unguwa ke rayuwa.

Sai dai sana'ar da aka koya da gani da kwaikwayo tana ƙarewa ne inda na'urar da aka koya a kanta ta ƙare. Jiya fitila mai zare ce da talabijin mai ƙeya, yau ƙwan LED ne da inbata da batirin litiyam. Mai naɗi ya san yawan zagayen da zai yi wa taransifoma domin haka maigidansa ya nuna masa. Wanda ya karanta Faraday ya san cewa matsi yana tafiya da yawan zagaye, don haka zai iya lissafa naɗin taransifomar da ba a taɓa kawo wa maigidan ba. Na farko yana gyara abin da wasu suka ƙera, na biyu yana iya ƙerawa. Al'ummar da ta wadatu da na farko kaɗai ta yarda ta zauna tana jiran abin da jirgin ruwa zai sauke mata a tashar Kwatano har abada.

Kuma ku lura da abin da ya raba mutanen nan biyu. Ɗalibi ya dawo daga Calavi da ilimi a Faransanci, mai gyara yana zaune a rumfa da ƙwarewa a Hausa, kuma ba su da kalmomin da za su tattauna. Ɗalibin ba ya iya yi wa mahaifinsa bayanin abin da yake karantawa, mahaifin kuwa ba ya ganin amfanin abin da ba a iya bayyana masa ba. Ta yaya uba zai ci gaba da biyan kuɗin karatun da ɗansa ya kasa faɗa masa ko mene ne? Raina karatun nan da ake yi a Zango yana da tushe a wannan giɓi na harshe.

Laifin gidanmu

Yanzu na iso ga rukuni na uku, wato mu. Magabata sun share hanya. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah, suka yi bayanin kimiyyar halittu da Hausa mai daɗi tun 1949. Nijar ta buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Ɗalhatu Muhammad ya shirya Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990, wanda ya ba mu damar nazarin nahawu da adabi da Hausa tsantsa. Wannan littafi shi ne babbar hujja a kanmu. Da muka so yin magana a kan ɗafi da tsarin sauti da ginin jumla, mun zauna mun ƙirƙiri kalmomi, mun koyar da su, sun zauna daram. Da aka zo kan abin da ya shafi sauran jama'a, sai muka naɗe tabarma.

Ku duba jerin kundayen kammala digiri a sassan Hausa. Jigo da salo a waƙoƙin wane, karin magana a finafinan wance, al'adun aure a gari kaza, shekara da shekaru ana tatsar saniya ɗaya. Adabi abin daraja ne, amma harshen da masanansa suka taƙaita shi ga adabi sun mayar da shi kayan ado. Har yau ba mu daidaita a kan sunan fannin fiziks ba. Wasu suna rubuta kimiyyar lissafi, sunan da ke sa ɗalibi ya rikita shi da lissafi kansa. Kamar likitan da bai san sunan asibitinsa ba.

Inda kuma aka yi yunƙurin, sau da yawa akan faɗa ɗaya daga ramuka biyu. Rami na farko na masu tsarkake harshe ne, waɗanda ke zama a ofis su ƙaga jumla mai kalmomi bakwai a madadin batir, alhali tsohuwa a ƙauye ta san batir. Rami na biyu na malalata ne, masu ɗauko kalmar Turanci su saka mata wasali a ƙarshe su ce sun gama. Wannan na biyun ya fi cutar da ɗan Zango, saboda aron da aka yi daga Turanci a Kano baƙo ne a wurinsa. Bakano yana cewa janareta, shi yana cewa gurup. Bakano yana cewa mita, shi yana jin sunan Faransanci. Idan muka gina kalmomin ƙa'ida a kan aro zalla, za mu raba Hausa gida biyu bisa iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Kalmar da aka gina daga saiwar Hausa ita kaɗai ce Bakano da Bamaraɗe da ɗan Kwatano za su ji daidai wa daida.

Kayan aikin suna hannunmu

Ɗalibin Hausa ya fi kowa sanin cewa harshen nan yana da maƙera. Ɗafa-goshin ma- yana ba mu sunan kayan aiki da na wuri da na mai aiki. Jama'a da kansu sun ƙera makunni ba tare da wani kwamiti ba, kuma muna da ma'auni da magudana da mahaɗa. Rukunan aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960 suna bambance abubuwan da fiziks ke buƙatar bambancewa: gudana daban, gudanar da abu daban; naɗa daban, naɗu daban; ƙona daban, ƙone daban. Sunaye irin su zafi da ƙarfi da kauri suna haifar da zafafa da ƙarfafa da kaurara. Wannan dukiya ce.

Ga shawarata kan ma'anoni huɗun, kuma na ajiye ta ne don a gwada, a soke ta idan an sami wadda ta fi. A ce matsi ga abin da ake aunawa da bolt, kwarara ga na amfiya, ƙarfin aiki ga na wat, makamashi ga na kilowat a awa, a ƙara da turjiya ga na om. Da su dokar Ohm za ta fito a jumla ɗaya da ɗan firamare zai riƙe: kwarara tana ƙaruwa da ƙaruwar matsi, tana raguwa da ƙaruwar turjiya. Sunayen ma'aunai kuwa a bar su yadda duniya ta san su, domin sunayen mutane ne, Volta da Ampère da Watt da Ohm, kuma ɗalibi zai gamu da su a jikin kowace na'ura.

Kowace kalma da aka kawo a auna ta da tambayoyi uku. Shin ta bambanta ma'anarta da ta maƙwabciyarta? Shin tana shiga jumla ta karɓi jam'i da mallaka ba tare da harshe ya sarƙe ba? Shin mai gyara a rumfa zai ji ta sau ɗaya ya riƙe? Wadda ta faɗi ɗaya daga cikin ukun a jefar da ita, ko da farfesa ne ya ƙaga ta.

Abin da nake nema da abin da ba na nema

Ba na kiran a kori Faransanci daga EPAC. Hausawa tsiraru ne a Kwatano, masu jin Fon sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma injiniyan da zai yi aiki a kan layin da ya haɗa Najeriya da Benin da Togo dole ya ƙware a Faransanci da Turanci duka. Abin da nake nema shi ne tsani. Ɗalibin da ya fahimci ma'ana da harshen da yake tunani da shi, sanya mata sunan Faransanci abu ne mai sauƙi a gare shi. Wanda ya haddace sunan bai san ma'anar ba, ya riƙe kube ne babu wuƙa.

Saboda haka, ya ku ɗaliban Hausa, ga aiki. Wanda ke neman batun kundi ya ɗauki na'urar naɗar murya ya zauna a rumfunan masu gyara na Zango, ko na Sabon Gari a Kano, ko na kasuwar Maraɗi, ya tattara kalmomin da suke amfani da su, da jumlolin da suke saka su a ciki, ya kwatanta aron Faransanci da na Turanci. Wani ya nemi ɗalibin injiniya su haɗa gwiwa su rubuta babi ɗaya tak, na dokar Ohm ko na taransifoma, su karanta wa masu koyon sana'a, su rubuta inda aka gane da inda aka ɓace. Wani ya tsara jadawali mai layi uku, Hausa da Faransanci da Turanci, da misali ga kowace kalma. Sassan Hausa kuma su yarda malamin fiziks ya zauna cikin masu duba irin wannan kundi, domin kalmar da ta yi daɗi a kunne amma ta saɓa wa kimiyya guba ce.

Masu iya magana sun ce, idan ba ka yi shara ba, kada ka zargi baƙo da ya ce gidanka da datti. Injiniyan da ya ce Hausa ba ta da kalmomin lantarki ya yi kuskure a kan abin da harshen zai iya, amma abin da ya gani a kan kantar littattafai gaskiya ne. Ba shi ne zai cike wannan kanta ba, bai karanta ginin kalma ba. Mu muka karanta, mu ake biya albashi da sunan harshen, ku kuma da sunansa za ku karɓi digiri. Bashin yana kanmu, kuma kullum aka ɗaure sabuwar waya a Zango ƙaruwa yake yi.